Kunyar da na sha a Shagari

Mai karatu, wannan watan ba fim ɗin kowa zan feɗe ba. Kaina zan feɗe, domin wanda ya saba ɗora wa mutane wuƙa, ranar da ta biyo ta kansa bai kamata ya gudu ba.

Kwanakin baya na yi sharhin wani fim na sarauta da aka gina labarinsa a zamanin jihadi. Na caccaki darakta kan butar roba da ta fito a zauren sarki, na yi wa jarumin dariya saboda shatin agogo a hannunsa. Sai kuma na ce bari in nuna ni ma na san tarihi, na rubuta cewa da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, daga can ya zarce Sakkwato ya kafa birni. Na aika, aka buga, abokai suka yi ta yabo.

Bayan mako biyu wani direba a tashar Boɗinga ya miƙo mini 'yar takarda. Layi biyu ne kacal: “Ka haɗiye shekara goma sha ɗaya. In kana son a amayar da su, ka zo Shagari.” Na tambaya, aka ce ai wani tsohon malamin tarihi ne da ya yi ritaya, jikarsa ce ke karanta masa mujallar nan.

Ranar Asabar na shiga mota. Na same shi a zaure bisa buzu. Na durƙusa na gaishe shi.

“Zamna, ɗana. Kai ɗan ina ne?”

“Boɗinga, Allah gafarta Malam.”

Ya daɗe yana kallona. “Boɗinga? To ka san Sifawa?”

Na ce yaya ba zan san Sifawa ba, garin da muke zuwa ƙwallo da biki tun muna yara?

“Ka san ta da ƙafa, ba ka san ta da kai ba,” in ji shi.

Nan ya jero mini abin dalla-dalla. Hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Faɗuwar Alƙalawa a 1808. Sakkwato kuwa Muhammadu Bello ne ya gina ta a 1809. Shi Shehu ya zauna Gwandu, sannan ya dawo Sifawa ya yi kusan shekara biyar yana karantarwa da rubuta littattafai, ƙanensa Abdullahi na zaune a Boɗinga. Sai a 1815 ya koma Sakkwato, ya rasu a 1817. Wato garinmu da maƙwabcinsa na share daga tarihi da alƙalamina. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da ya ga na yi laushi, sai ya ce ba ni kaɗai ke da laifi ba. Ya tambayi shekarar da na shiga ƙaramar sakandare, na ce 2009. Ya girgiza kai. A daidai wannan lokacin ne aka cire tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɓurɓushinsa cikin darasin soshiyal. A babbar sakandare ya zama sai wanda ya ga dama, ni kuwa ban ga dama ba. Na wuce kwalejin fasaha na karɓi difiloma ba tare da wani ya taɓa tsare ni da tambayar da tsohon nan ya yi mini ba.

Daga nan ya jawo wata akwatin ƙarfe, ya fito da tsofaffin mujallu na Turanci da suka yi ja. Na Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya ne, wadda aka kafa a Ibadan a 1955, Farfesa Kenneth Dike na kan gaba. A lokacin Turawa da dama na ganin Afirka ba ta da wani tarihi sai na zuwansu. 'Yan ƙungiyar suka ce a'a, ga rubuce-rubucen Larabci da ajami, ga abin da ke bakin tsofaffi. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki akwai Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. A wannan zamanin ne Murray Last ya zo Sakkwato ya zauna gaban Waziri Junaidu, ya fitar da littafinsa kan daular a 1967.

Malam ya ce shi ba farfesa ba ne, malamin aji ne, amma ƙungiyar ce ta sa bai zama shi kaɗai ba. Malami a ƙauye yakan maimaita littafi ɗaya shekara ashirin har ya ɗauka ilmi ya tsaya nan. A taron ƙungiya kuwa sai ka tashi ka yi magana, wani daga Zariya ko Nsukka ya ce ina hujjarka? Ka dawo gida ka gyara darasinka. Kuma da aka kori darasin, ƙungiyar na cikin waɗanda suka yi ta kai gwauro suna kai mari har gwamnati ta yi bikin dawo da shi a 2022.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake ɗinke Sifawa da sauran duniya. Ya ce shekarar da Shehu ya yi hijira, ita ce shekarar da baƙaƙen bayi a Haiti suka kori Faransa suka kafa ƙasarsu. Shekarar da ya bar Sifawa, ita ce aka yi wa Nafoliyon kayen ƙarshe a Turai. Kuma a 1809 da 1814, Hausawan da yaƙe-yaƙen nan namu suka jefa cikin bauta aka ƙetara teku da su, sun yi bore a Bahiya ta ƙasar Birazil.

Jama'a, wannan ba fim ba ne? Wannan ba littafi ba ne mai ɗaya, biyu, uku? Bahaushe ya tashi a ƙasar Gobir, ya ƙare a gonar rake a Birazil, da layarsa a wuya. Amma mu muna nan muna ta juya labarin yarima da 'yar talaka, da rawani ɗaya a fim goma.

Kafin in tashi ya tuna mini cewa mutumin garinsu, marigayi Alhaji Shehu Shagari, malamin makaranta ne kafin siyasa, kuma da waƙa ya sanar da yara ƙasarsu, wato Waƙar Nijeriya. “Shi ya yi da waƙa,” in ji Malam, “ku ga kyamara a hannunku. Yaran da ba su shiga ajina ba duk suna shiga ajinku. Mi kuke koya musu?”

Ban da amsa. Amma ina da roƙo. Furodusa, kafin ka kashe kuɗin dawaki da lokeshin, kai labarinka sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, ko wurin tsohon malamin unguwarku, a duba maka. Marubuciya, haka nan. Su ma masanan, don Allah in za su yi taro su riƙa ajiye wa 'yan fim da marubuta kujera, domin takardar da suka karanta wa junansu ba ta kai inda fim yake kaiwa ba.

Ga gyarana nan na buga, kamar yadda na yi wa Malam alkawari. Darakta mai butar roba, ka yafe ni, tawa butar ta fi taka girma. Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya da nisan kwana, amin.