Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata A Yendi: Kafin Ki Buɗe Wa Mai Feshi Ƙofa

Daga Garu.

'Yata,

Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar amaryata, wadda aka ce ta fara rarrafe. Ki gaya mata angonta na nan yana tara kuɗin sadaki.

Mahaifiyarki ta ba ni labarin kuɗin cizon da ya hana ku barci a ɗakin hayar da kuka koma, da mutumin da ya zo a kan babur da tankin feshi a goye, ya yanka miki farashi mai sauƙi, ya rantse idan ya yi aikinsa ko ƙuda ba zai sake giftawa ba. Na so in kira ki, amma maganar waya iska ke kwashewa. Shi ya sa na rubuta, na kuma ce a buga, don ƙaninki da ke koyarwa a Salaga da 'yan'uwanmu na Bawku su ma su karanta.

Shekara talatin ina auna wake da gero a kasuwar Garu, na san magungunan nan kamar yunwar cikina. Kin san ƙwayar nan mai launin toka da muke kira bom, wadda ake ƙullewa a tsumma a cusa cikin buhun hatsi. Da ta sha laimar iska sai ta fara fitar da guba mai suna fosfin, wani lokaci a ji kamar warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. An yi ta ne don rufaffen sito inda ba mai kwana, kuma ba ta da makari. Iskarta na bin tsagar bango, ta bi ta saman rufi ta faɗa ɗakin maƙwabci. A watan Afrilun 2018, a Ankara babban birninmu, yara uku 'yan gida ɗaya, biyu daga cikinsu tagwaye masu shan mama, suka rasu bayan an yi amfani da irin wannan magani a ɗaki don kashe ƙwari. Duk mai feshin da ya ce zai ajiye miki bom a ƙarƙashin gado, ki sallame shi tun daga zaure.

Mu nan ma mun ga namu rabon. A ƙarshen 2010 manoma 15 suka rasu a yankinmu na Upper East, ana zargin gubar maganin ƙwari ce, kamar yadda rahoton ma'aikatan gona na cocin Presbyterian ya nuna a 2012. Yawancinsu ta cikin abinci ajalin ya zo musu, saboda an ajiye magani kusa da hatsi ya tsiyaya a ciki.

Kada ki ɗauka wayo na fi ki. Kina ƙarama na taɓa ɗauko wani a bakin tasha ya yi mana feshin kyankyasai. Ya zo da ruwan magani a robar da aka shanye lemonta, ba takarda ba suna. Ya zuba a tankin da ya yi feshin ciyawa da shi a gona, ya motsa da kara, goro a bakinsa, ko ƙyalle bai ɗaura a hanci ba. Da wari ya turnuƙe gidan har na ji daɗi, na ce lallai wannan magani da ƙarfi yake. Washegari muka kwashe gawar zabi huɗu da suka tsinci matattun kyankyasai, mahaifiyarki ta kwana biyu kai na sara mata. Kafin wata ya zagayo kyankyasan sun dawo, shi kuwa ko ƙurarsa ban sake gani ba. Ranar na gane ƙarfin wari ba shi ne ingancin magani ba, kuma araha ba ta ado.

To, yadda na binciki maigidanki kafin in ba shi ke, haka za ki binciki wanda zai shiga ɗakin barcinki da guba a bayansa. Ki fara da takarda. Hukumar kare muhalli, EPA, ita ke yi wa maganin ƙwari rajista a Gana, ita ke ba masu sayarwa da masu sana'ar feshi lasin. Tana da ofis a Tamale, kusa da ku, mu kuma namu yana Bolgatanga. Ki ce ya nuna miki lasinsa, ki duba sunan da ke jiki da ranar ƙarewarsa, ki ɗauki hotonsa da waya. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Idan kin rasa ta inda za ki fara nema, maigidanki ya je majalisar gari ya tambayi ma'aikatan tsafta, waɗanda muke kira tankas, 'yan Nijeriya kuma su ce duba-gari. Sun san masu aikin, sun san waɗanda aka taɓa kawo ƙararsu. Sannan ki nemi gida biyu da ya yi wa aiki wata uku baya, ki ji ta bakin matan gidan, don su ke kwana da sakamakon.

Bayan takarda sai kwalba. Ya buɗe ta a gabanki, da hatiminta, da lambar rajistar EPA, da ranar lalacewa. A ƙasan takardar akwai zanen launi: ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Ki duba ko an rubuta na gida ne ko na gona, domin abin da aka yi don auduga da albasa ba shi da hurumi a kan katifar jaririya. Mu da ke bakin iyakar Togo da Burkina Faso muna ganin kwalabe masu rubutun Faransanci zalla suna shigowa ta Sankase zuwa kasuwar Bawku, daga nan su bazu. Abin da mai feshin kansa ba zai iya karantawa ba, da me zai auna shi?

Ki kuma lura da abin da ya fara yi da shigowarsa. Gwani yakan ɗaga katifa ya bi ɗinkinta da tocila, ya leƙa gaɓoɓin gado da tsagar bango, ya tambaya ko akwai jariri, mai ciki, mai asma, ko kaji a gidan. Zai ce a fitar da abinci da tukwane da randa, ya faɗi awa nawa za ku yi a waje, ya sa safar hannu da takunkumi. Zai kuma gaya miki gaskiya cewa zuwa ɗaya ba ya gama kuɗin cizo, domin ƙwansa na tsira, ya ƙyanƙyashe cikin mako guda zuwa kwana 10. Dole ya dawo bayan mako biyu. Saboda haka ku yi ciniki a kan zuwa biyu, a rubuce, ki riƙe rabin kuɗin sai ya cika na biyun. Kuma a gidan haya ki haɗa kai da maƙwabta da mai gidan, in ba haka ba ƙwarin za su yi ƙaura ɗaki na gaba su jira ki.

Wani aikin naki ne, ba na mai tanki ba. Ki wanke zannuwa da tafasasshen ruwa, ki ɗaure tufafi a baƙar leda ki shanya su a tsakiyar rana, a lilliƙe tsagogin bango da siminti. Ƙaninki da gara ke cin katakon rufinsa a Salaga, shi ma ya sani fesa wadda yake gani ba ya tsinana komai, sai an bi hanyarta har surinta.

Idan kuma, Allah Ya kiyaye, wani ya fara amai ko jiri ko numfashi ya yi masa wuya bayan feshi, ki fitar da kowa sarari, ki nufi asibiti da kwalbar a hannu. Kada ki tsaya ɗura manja ko madara, kada ki sa a ƙaƙaro amai.

Na sa miki wake a motar Tamale, cikin buhun PICS mai riɓi uku wanda ke toshe wa ƙwaro iska, ban sa masa ko ƙwayar magani ba. Ki riƙa ɗaure bakinsa tam bayan kin ɗiba. Ranar da mai babur ya dawo, in kunya ta hana ki yi masa waɗannan tambayoyi, ki kira ni ki miƙa masa wayar. Ni tsoho ne, na riga na biya kuɗin makarantata da zabi huɗu.

Allah Ya yi miki albarka, Ya raya mana amarya.

Mahaifinki.