A Gindin Gawon Maraɗi

Da kaka na bi hanyar Katsina, na wuce Jibiya da Ɗan Isa, na shiga ƙasar Maraɗi domin gaida 'yan'uwa. Tun mota ba ta kai gari ba na ga abin da ban zata ba. Gonakin gero cike suke da itatuwa, gawo da kalgo da sabara, tsaye a tsakiyar kunya.

A da ba haka wurin yake ba. Fari da gatari sun bar fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura kututturan da ake sarewa kowace bazara ba su mutu ba, saiwarsu tana da rai. Ya ce a riƙa barin toho mai ƙarfi, a rage sauran. Da fari dariya aka yi masa. Bayan yunwar 1984 aikin ya bazu, ana ce da shi sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200.

Amma ni ƙasar ce ta tsai da ni. Mai masaukina ya kai ni gonarsa, na durƙusa a gindin gawo na ɗebi ƙasa. Baƙa-baƙa ce, tana haɗuwa a tafin hannu. Na yi taku ashirin na sāke ɗiba, sai farin rairayi yana zuba ta tsakanin yatsu. Gawo yana kaɗe ganye da shigowar damina, ba ya tare wa gero rana. Da rani dabbobi suna kwana a inuwarsa, su bar kashi. Ganye da kashin nan su ne ke ruɓewa su zama ƙarfin ƙasa. Masana sun ce a cikinsu akwai kabon, wanda itace ya sha daga iska. In ya zauna a ƙasa yana riƙe danshi ran da ruwa ya yi tsaiko. In an ƙone shi kuwa, sama yake komawa ya ƙara wa duniya zafi.

Nan na ji kunya, ya mai karatu. Bara ni da bakina na sa 'yan makaranta su tara karan gonarmu su cinna masa wuta, wai don fili ya yi tsabta. Da na faɗa wa mai masaukina, sai ya kama baki, ya ce, "Malam, abincin gonar ka ƙone?"