Karatun da ake yi da hannu

A ƙasar Illela kowa ya san amfanin ɗan da ya yi karatun likita. An san na malamin gona, an san na malamin dabbobi. Amma akwai wani karatu da har yanzu yake ɗaure wa iyaye kai, shi ne karatun zane. Yaro ya gama lakkwal, ya gama jami'a, sa'an nan ya ce zai ƙara shekara biyu yana shafa fenti a kan ƙyalle. Wane uba ne ba zai yi tsaki ba?

Wannan magana ta faɗo wa wani manomi na wani ƙauye tsakanin Illela da Badagishiri. Dattijo ne mai gonar hatsi da wake da ɗan garken bisashe. Da girmansa ya koyi karatu, a ajin yaƙi da jahilci. Ɗansa na biyu kuwa, kawunsa ne ya ɗauke shi tun yana ƙarami ya kai shi Sakkwato, ya sa shi bokon Ingilishi. Yaron ya yi shekara 4 a jami'a yana koyon zane. Bayan kaka ya zo gida, ya ce yana son tafiya Zariya neman digiri na biyu. Abin da ke hannun kawu bai isa ba. Sai an taɓa shanun noma, su kuwa biyu ne tak.

Uban ya ce, "Ba ka ce ka gama ba?"

Yaron ya ce, "Baba, na gama koyon yadda wasu suke yi. Nawa aikin ne ban samo ba tukuna."

Dattijon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce a bayyana masa abin dalla-dalla, kamar yadda malamin gona yake bayyana taki. Ga yadda abin yake.

Makarantar tana cikin Jami'ar Ahmadu Bello, a Samaru, kusa da birnin Zariya. Daga nan sai ka bi Birnin Ƙonni, ka ƙetare iyaka ka shiga ɗaya Illelar, ta Nijeriya, ka wuce Sakkwato da Gusau da Funtuwa. An kawo sashen zane Zariya daga Ibadan a 1955. Jami'ar kanta a 1962 aka kafa ta, wato sashen ya girme ta.

Mai neman digiri na biyu ba zaman aji ne yawancin aikinsa ba. Ɗakin aiki ake ba shi, ko wani gefe na babban ɗaki. Nan zai yini. Idan mai zane ne, ga ƙyalle, ga fenti, ga gawayi. Idan mai sassaƙa ne, ga itace, ga yumɓu, ga ƙarfe, ga siminti irin wanda ake yi a Malbaza. Ba mai ce masa yau zana doki, gobe zana rijiya. Shi zai zaɓi magana guda, ya riƙe ta shekara biyu ko fiye, yana yi yana ɓatawa yana sakewa. Akwai malami guda da ke lura da shi. Yana karanta littattafai kuma, don ya san abin da na gabansa suka yi.

Lokaci lokaci sai a ce ya jera aikinsa a bango. Malamai su zo, ƴan'uwansa ɗalibai su zo. Kowa ya duba ya faɗi abin da ya gani, ba kara. Wannan launi ya mutu. Wannan ka ɗauko shi daga hannun wane. Wannan me kake nufi da shi? Yana tsaye yana ba da amsa. A ƙarshen karatu zai baje aikin duka jama'a su gani, ya rubuta littafi mai bayyana abin da ya yi da dalilinsa. Har malami ake kirawo daga wata jami'a ya zo ya auna shi.

A nan ne fuskar dattijon ta sake. Wannan ai ya san shi. Haka ake koyon gini, haka ake koyon ƙira da dukanci. Yaron magini yana shekaru yana kwaɓa ƙasa da miƙa tubali. Ranar da aka bar masa bango shi kaɗai, maigidansa zai zo ya tsaya, ya duba, ya sa ƙafa ya ture inda ya karkace, a gaban kowa. Wanda bai sha wannan kunya ba, ba a ba shi ginin soro. Bambancin kawai, a Zariya ana haɗawa da rubutu, kuma ana biyan kuɗi.

Sai ya yi tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Ya ce, "Zanen wa za ka koyo? Na Nasara?"

Wannan tambaya, ɗaliban makarantar sun riga shi yin ta. A 1958 wasu samari masu koyon zane a can suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. A lokacin yawancin malamansu Turawan Ingila ne, suna koyar da zane irin na ƙasarsu. Samarin ba su ce a zubar da ilmin Turawa ba. Cewa suka yi kowa ya koma ya dubi abin da ke gidan ubansa, ya gama shi da abin da ya koya. Uche Okeke ya koma ga zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bangon ɗaki, wanda ake kira uli. Sunansa ya kai ƙasashen duniya ta wannan hanya. Bayansu makarantar ta yi ta fitar da gwanaye. Gani Odutokun ya sami digirinsa na biyu a nan a 1979, ya zauna yana koyarwa har rasuwarsa a 1995.

To, shi ɗan Illela me ke gidan ubansa? Abin yana nan kusa, a Yama, tafiyar da jaki ma yake yi. Masallacin Juma'a na Yama, Falke Barmu ne ya gina shi a 1962, da ƙasa da itace. Shi ma manomi ne, magini kuma. Mutanen gari suka yi gayya, wasu tubali, wasu ruwa, wasu hatsi. A 1975 ya sake rufin, ya yi masa baka da ƙubba. Daga baya ya tayar da hasumiya huɗu, aka gama a 1982, kuma ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 aka ba masallacin kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine mafi kyau na ƙasashen Musulmi. Masana daga nesa suna zuwa kallonsa. Mutanen kusa kuwa da yawa suna wucewa ba su ɗaga kai ba.

Yaron ya ce wannan bango yake so ya yi aiki a kansa. Ba hoton masallacin zai zana ba. Yana so ya gane yadda ƙasar Adar take ba da launi: ja, da fari, da rawaya, da baƙin da hayaƙi ke bari. Zai daka ƙasar, ya tankaɗe, ya gwada ta da ƙaro, ya ga ko za ta kama ƙyalle ba ta zube ba. Zai dubi zanen da matan makiyaya suke yi wa ƙwarya, da sawun yatsu da mai yaɓe yake bari a jikin rumbu. Wannan ya kwantar wa uban da hankali ta wani wajen ma, don dā yana tsoron a ce ɗansa ya tafi sassaƙa gumaka. Yaron ya ce a makarantar akwai masu sassaƙa siffar mutum, ba zai ɓoye ba. Amma ba a tilasta wa kowa, kuma shi ba hanyarsa ke nan ba.

Saura maganar ci. A nan gaskiya ba ta da daɗi, kuma yaron bai yi mata kwalliya ba. Takardar ba ta ba mutum aiki ranar da ya karɓe ta. Wasu suna zama malamai a kwaleji ko jami'a, digiri na biyu yana buɗe wannan ƙofa. Wasu suna sayar da zanensu a Yamai ko Abuja ko Ikko. Wasu suna yin zanen littattafan yara, da na allunan da likitoci da malaman gona suke nuna wa jama'a. Wasu kuma sukan daɗe ba su sami komi ba. Fenti da ƙyalle suna da tsada, kuma ɗalibi ne ke sayen nasa. Uban da ya sayar da shanun nomansa duka saboda wannan, ya yi ganganci, ko da ɗan nasa gwani ne. Gidan da ya rasa garma da damana, takarda ba ta cika masa rumbu.

Dattijon ya kwana uku yana shawara da ƙaninsa da uwar yaron. Sa guda ya kai kasuwar Badagishiri. Ɗayan ya bari, za su riƙa haɗa shi da na ƙanin nasa su yi huɗa bi da bi. Ya kafa sharaɗi biyu. Duk hutun da ya faɗo cikin damana, yaron zai zo ya kama hauya. Kuma duk zuwa zai zo da aikinsa a naɗe, a shimfiɗa a zaure, a kirawo maginin ƙauyen ya duba. Ya ce shi bai iya karanta Ingilishi ba, amma idan hannu ya ƙaru zai gani.

Ranar tafiya ya raka shi har tashar Ƙonni. Wurin masu canji yaron ya zaro takardar naira 20, ya juya bayanta. Ga wata mace zaune tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, Bagwariya, wadda ta koyi ginin tukwane wurin gwaggonta a ƙauye. A 1954 ta shiga makarantar tukwane ta wani Bature, Michael Cardew, a garin da yanzu ake kira Suleja. Ba ta yi boko ba. A 1977 jami'ar nan ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a 1984.

Dattijon ya karɓi takardar, ya matso da ita kusa da ido, ya haɗa baƙaƙen sunan ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaya ko tukwanen nata suna riƙe ruwa. Aka ce masa suna riƙewa. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ba yaron wata a madadinta.