Keken Mahaifina

Ranar Asabar da ta wuce, bayan an idar da sallar Asuba, ina zaune a ƙofar gida da carbi a hannu, sai ga ayarin matasan ƙungiyar mahaya keke ta unguwarmu sun nufi Ƙofar Nassarawa, kowannensu ya ɗauki alkawarin zagaya ganuwa, abin da masu hali suka bayar kuwa a kai wa marayu sadaka.

Nan take na tuna da keken marigayi mahaifina, Allah ya jiƙansa, wani baƙin Raleigh da yakan wanke kowace Juma'a, ya ɗiga wa sarƙa mai, ya goge ƙararrawa da toka har ta riƙa walƙiya, sa'an nan ya naɗe babbar riga a kafaɗa ya hau, sai Kasuwar Kurmi. A zamaninsa keke alamar wadata ne da mutunci. Mu da muka biyo baya muka mai da shi abin kunya, muka koma babur, alhali kuwa malamai sun sha faɗa mana cewa jiki amana ne, ga shi yanzu hawan jini da ciwon suga sun zama baƙin gidaje da yawa, har da nawa.

A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 3 ga Yuni domin keke, amma ni yaran nan ne suka ba ni kunya. Jiya na fito da keken mahaifina daga zaure na kai wa mai faci, ya duba ya ce taya biyu da birki kaɗai yake bukata.