Ƙadandoniya da ƴar'uwarta ta Madagaskar

Da ruwan farko ya sauka a Tsibiri, sai ƙadandoniya ta fito. Duk rani tana ɓoye cikin ƙasa, wajen saiwar itace ko gindin suri, inda akwai sauran laima. Jikinta ba ya riƙe ruwa. In rana ta daɗe tana bugunta a fili, sai ta bushe ta mutu. Shi ya sa da safe da marece aka fi ganinta a gonakin bakin Gulbin Maraɗi.

Yara da yawa suna tsoronta, suna haɗa ta da shanshani, alhali ba ɗaya ba ne. Shanshani ƙafa biyu gare shi a kowace gaɓa, yana gudu, yana cizo. Ƙadandoniya ƙafa huɗu gare ta a gaɓa guda, tafiyarta sannu sannu, kuma ba ta cizo. In an taɓa ta sai ta naɗe kamar gammo, ta fid da wani ruwa mai wari wanda ke rina yatsa. Wanda ya ɗauke ta ya wanke hannu kafin ya kai shi ga ido.

Abincinta ruɓaɓɓen ganye ne, kashinta kuwa taki ne ga ƙasa. Duk da haka manomi ba ya murnar ganinta, kuma yana da gaskiya. Tana bin ramin shuka ta cinye irin gujiya da na hatsi yana cikin tsirowa, daga baya ta huda kwanson gujiya tun yana ɗanye. Wanda irinsa bai wuce tiya biyu ba, in ta shiga gonarsa, sake shuka sai da bashi.

Tana da ƴar'uwa can Madagaskar, wani babban tsibiri cikin tekun Indiya, tsibiri na gaske wanda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Masana sun sa mata suna Zoosphaerium neptunus. Ita gajera ce, mai kauri, tsawonta yana kai santimeta 9. Tamata tana da ƙafa 42, namiji 46. Ba ta da ruwan nan mai wari, dabararta guda ce: ta dunƙule kamar ƙwallo, kai da ƙafafu duk su shige ciki, ɓawonta ya kulle gam. A haka babbar tana kusan girman lemo, kuma buɗe ta da yatsa ba ƙaramin aiki ba ne.

Gidanta daji ne mai duhu da yawan ruwa, ƙarƙashin ganyen da ya zube. Waɗanda aka kwasa aka kai Turai don kiwo ba su daɗewa suke mutuwa. A Madagaskar ɗin ma ana sare dajin ana ƙonawa don a shuka shinkafa, inda aka ƙona kuwa ba a sake ganinta.