Jeri ma hujja ne: kalmomin noman Funtua da Malumfashi a rumbun bayanai

Kalmomin noma da na tattara a Funtua da Malumfashi na zuba su a teburi biyu cikin rumbun bayanai, kowane gari da nasa. A harshen SQL, umarnin UNION ke haɗe sakamakon teburan biyu, sai dai ORDER BY guda ɗaya ke mulkin abin da aka haɗe baki ɗaya. Wanda ya so jera na Funtua bisa abacada, na Malumfashi kuwa bisa wata ƙa'ida, dole ya ƙara ginshiƙin da ke nuna gari, da wani mai ɗauke da lambar matsayin kowace kalma, sannan ya yi jeri da su.

Ita kanta abacadar ba ta tsira ba. Idan na'ura ta bi lambobin Unicode zalla, haruffa masu lanƙwasa sukan koma bayan z, kuma ƙ takan riga ɓ da ɗ. Sai a ga zangarniya ta gabaci ƙaiƙayi, ƙaiƙayi ya gabaci ɓuntu, 'ya'ya kuwa, saboda alamar da ke gabanta, ta hau kan auduga. Maganin wannan shi ne a umarci rumbun ya bi ƙa'idar jerin Hausa ta CLDR, wadda ke ajiye ɓ bayan b, ƙ bayan k.

Amma jerin da ya fi koya mini wani abu shi ne na manoman kansu, wato bin aikin gona daga sassabe zuwa shuka, firi, maimai, huɗa, girbi, sussuka da shiƙa. A jerin ƙamus, huɗa da maimai baƙin juna ne. A jerin manomi kuwa maƙwabta ne. A nan ne giɓi ke fitowa fili: matakin da gari ɗaya ya raɗa wa suna, ɗayan bai ambata ba, sai mai bincike ya san inda zai koma ya sake tambaya.

Saboda haka nake ganin ya kamata duk wanda ya kawo jerin kalmomi a kundinsa ya faɗi ƙa'idar da ya bi wajen jera su, kamar yadda yake faɗin inda ya samo su. Mai karatu yakan ɗauki abin da ke sama a matsayin mafi muhimmanci, alhali wataƙila lambar Unicode ce kawai ta ɗora shi can.