Injin da na kusa saukewa a banza

1/ Shekarata goma sha shida ina gyaran injin dizal, daga tirela zuwa janareto. Amma akwai aikin da ya ba ni kunya a Legas, bari in ba ku labari.

2/ Wani maigidana yana da ƙaramin jirgin ruwa irin mai tafiya da iska. Irin waɗannan jiragen suna da ɗan injin dizal a ciki, don shiga tasha ko in iska ta ɗauke. Nasa mai silinda uku ne. Da yana yin kilomita 11 a awa, sai ya koma da ƙyar yake kai 6.

3/ Kada ku ce wasa ne. Ran nan suna dawowa daga Tarkwa Bay, ruwa yana janyewa zuwa teku, ga katon jirgin kaya ya nufo Apapa. Ya taka totur har ƙarshe, jirgin kamar an ɗaure shi. Da 'ya'yansa biyu a ciki.

4/ Na zo da girman kaina. Na canja filtar mai, na fitar da iska daga layi. Shiru. Na cire nozul na kai aka gwada, lafiyarsu lau. Na buɗe gwiwar salansa, inda ruwan teku ke haɗuwa da hayaƙi, don nan ne gawayi ke toshewa. Akwai ɗan datti, na kankare. Shiru dai.

5/ Ga abin da ya kamata ya farkar da ni tun farko. In inji yana firi, yana hawa har 3,600 ba gardama. Da an sa giya, sai ya maƙale a 2,200 yana zubo baƙin hayaƙi. Injin da mai bai ishe shi ba, hawa da sauka yake ko ya mutu, ba ya baƙin hayaƙi haka. Baƙin hayaƙi na nufin man yana zuwa, kaya ne ya fi ƙarfinsa. A tirela da tuni na ce birki ya kama. A nan kaina ya kulle, don ban saba tunanin abin da ke ƙarƙashin ruwa ba.

6/ Har na ce, "Alhaji, sai dai a sauke inji." Na rubuta masa lissafi mai nauyi, ya amince.

7/ Wani yaro mai kwale-kwale, wanda kullum yake kallonmu, ya tambaya yaushe rabon a duba farfela. Wata biyar jirgin na ɗaure. Ya sa tabarau ya nutsa, ya fito da ɓawo cike da hannu. Wasu ƙananan halittun teku ne masu mannewa kamar siminti, sun lulluɓe farfelar da sandarta. Farfela in ta rasa santsinta, dama ruwa kawai take, ba ta tura shi.

8/ Minti arba'in ya yi da ƙarfen kankara. Muka fita gwaji: 3,400 cikin giya, hayaƙi ya washe, har Alhaji ya riƙe hularsa.

9/ Na yaga lissafin a gabansa, kuɗin nozul ma na ce ya bari. Shi kuma ya ɗauki yaron, duk wata yana nutso ya goge. Ni har yau in na je, sai yaron ya ce, "Oga, mu sauke inji ne?"